Haɗarin da ba a gani: radiyeshin sama da haƙƙin ma'aikatan jirgi

Daga sararin samaniya wasu ƙwayoyi masu ƙarfi suke kwararowa duniya dare da rana. Wani masanin kimiyya mai suna Victor Hess ne ya tabbatar da su a 1912, da ya hau balan-balan ya ga na'urarsa tana ƙara nuna radiyeshin yayin da yake ƙara nisa da ƙasa. Iskar da ta lulluɓe duniya da maganaɗisun ƙasa su ke tare mafi yawansu. Jirgin fasinja kuwa yakan tashi kilomita 10 zuwa 12, inda iskar ta yi ƙaranci, don haka abin da ke ratsa jikin na ciki ya ninka na ƙasa sau da yawa. Ya fi tsanani a hanyoyin can arewa da can kudancin duniya, ya fi sauƙi a tsakiyarta, kamar hanyar Kano zuwa Jidda.

Shin ya halatta mutum ya jefa kansa cikin cutarwar da ya san da ita? Malaman Malikiyya sun tattauna irin wannan tun kan hawa teku zuwa Hajji: suka ce a hau, sai fa in halaka ce ta rinjaya. A wannan ma'auni fasinja ba shi da abin damuwa. Ɗan Adam yakan sha kimanin milisibat 2.4 (ma'aunin radiyeshin ke nan) a shekara daga muhallinsa, tafiya ɗaya kuwa ba ta ƙara masa sai ɗan kaso kaɗan na wannan.

Nauyin yana kan matuƙa da masu hidima a cikin jirgi, waɗanda sama ce wurin neman abincinsu shekara da shekaru. Abin taruwa yake a jikinsu, kuma ba ya wari, ba ya zafi, balle mutum ya ankara ya kauce. Shi ya sa a 1996 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni lissafa abin da ma'aikaci ke sha idan zai wuce milisibat 1 a shekara, da sanar da shi, da tsara aikin mai juna biyu yadda ɗan cikinta ba zai wuce wannan adadi ba.

Tawakkali ba ya sauke wannan nauyi. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuma ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Ma'aikaci yana iya karɓar haɗari don ciyar da iyalinsa, amma yardarsa ba ta inganta sai ya san abin da ya yarda da shi. Kamfanin da ke riƙe da lissafin ya ɓoye masa, ya ci amanarsa, ko da bai taɓa kwanciya ciwo ba.