Baƙon da ke Cikin Gawayi

Idan an sauke tuwo, uwargida takan ja ragowar garwashi gefe, ta yayyafa masa ruwa ya mutu, gobe a zuba shi a dutsen guga. A ƙauyukan Bichi da Dambatta, inda gona ke manne da gona, ba a san zubar da abu ba. Kara na danga ne, harawa ta dabbobi, toka kuma ta koma gona. Gawayi shi ne ƙaraminsu, baƙi, sakayau, mai ɓata hannu. Sai ga shi masana suna neman ɗora masa aikin ɗaya daga cikin ƙarafa mafiya tsada.

Akwai wani irin batir da ke haɗa iskar haidirojin da oksijin ya ba da lantarki, ba ya fitar da komai sai ruwa. Amma oksijin akwai nawa. Sai an sa masa mai zuga, wato sinadarin da ke hanzarta aiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Filatinam ne ya saba da wannan aiki, kuma yawancinsa a Afirka ta Kudu ake haƙo shi. A 2009, Liming Dai da abokan aikinsa a Jami'ar Dayton ta Amurka suka nuna cewa kabon, wanda shi ne asalin gawayi, yana iya yin aikin idan an cusa masa ɗan naitirojin. Daga baya masu bincike suka riƙa gwada ɓawon gyaɗa da totuwar masara, wani lokaci a gauraya da yuriya, takin nan da kowane manomi ya sani, a gasa a inda iska ba ta shiga.

Ƙwayoyin kabon suna zaune ne cikin zobba masu kusurwa shida, kowace daidai da 'yar'uwarta. A haka oksijin kan zo ya wuce, bai sami wurin kamawa ba. Idan ƙwayar naitirojin ta zauna a gurbin ɗaya daga cikinsu, sai ta ɗan ja cajin lantarki wajenta, zaman na kusa da ita ya sauya. An daɗe ana gardama a kan inda aikin ke faruwa. A 2016 masanan Jami'ar Tsukuba ta Japan suka nuna cewa a kan kabon ɗin da ke maƙwabtaka da naitirojin na bakin zobe ne. Baƙon yana can gefe, maƙwabcinsa ne ke kama iskar. Ikon Allah!

Haka wani kan zo daga nesa a ba shi fili a ƙarshen unguwa. Ba ya wa'azi, ba ya shiga shawara. Ana dai ganin ya haƙa rijiya a fadama, rani ya yi yana fitar da albasa. Na kusa da shi ya leƙa ta danga, baɗi ya gwada, ya ma fi shi. In an shekara goma, sunan ɗan gari ake kira idan ana zancen wanda ya kawo lambu, kuma ba ƙarya aka yi ba, hannunsa ne ya yi noman.

Da labarin kabon ya bazu, wasu masana sun ce ɗan ɓurɓushin ƙarfen da ya maƙale a cikin kabon ne ke aikin a ɓoye, kamar yadda ake cigiyar babban mutumin da ya tsaya wa talaka duk ranar da ya yi abin kirki. A wasu gwaje-gwajen kuwa an sami ƙarfen, don haka zargin ba na banza ba ne.

Gawayin murhu dai bai kai ba tukuna, sai an gasa shi da zafin da ya kai digiri 800 ko fiye kafin lantarki ya bi ta cikinsa sosai. Kabon mai naitirojin kuma ya fi ƙwazo a batir mai ruwa mai kaifi irin na toka. A ruwa mai tsami har yanzu filatinam ne a gaba.