Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

A shekarar 1962 waɗansu Turawa biyu a Ingila, Jack Holt da Barry Bucknell, suka tsara wani ɗan jirgin ruwa mai suna Mirror, wanda iska ke turawa. Tsawonsa bai cika ƙafa 11 ba. Mutum yakan ɗinka siraran alluna da wayar jan ƙarfe a gidansa, ya liƙe mahaɗinsu, kana ya shafa fenti. An yi irinsa fiye da 70,000.

To, a ce wani Bakatsine ya tashi haɗa irin wannan jirgi a zaurensa. Birnin Katsina ba babban kogi, sai ya kai shi madatsar ruwa ta Ajiwa ko ta Jibiya kafin ya gwada. Babu gwanin da zai duba aikinsa, maƙwabta kuwa fenti kaɗai za su gani. Shin, wajibi ne ya kyautata inda ido ba ya kaiwa?

Wani ya ce, ai jirginsa ne, in ya yi ha'inci kansa ya cuta. Ba haka ba ne. Gama wata rana ɗansa zai shiga, ko ɗan maƙwabcinsa, wanda bai ga ɗinkin ba, amincewa kurum ya yi. Ruwa kuwa ba ruwansa da fenti, kafa yake nema.

Haka tushen da magini ya binne, haka mudun mai awo, haka littafin malamin haraji. Aikin ɓoye amana ne, kowa ya ci ta, akwai ranar da jirginsa zai hau ruwa.