Taurin ƙarfe da tambayar asalin hali

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne, amma Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi jayayya da wannan fahimta a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya kafa hujja da cewa da ɗabi'a ba ta sauyuwa, da wa'azi da tarbiyya sun zama aikin banza. Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe lokacin walda yana haskaka wannan tsohuwar muhawara.

Mai walda da lantarki yana sarrafa abubuwa uku, wato yawan wutar da ake aunawa da amfiya, da tsawon tartsatsin da ke tsakanin sandar walda da ƙarfe, da saurin tafiyar hannunsa, kuma haɗuwarsu ce ke ƙayyade yawan zafin da zai ratsa gefen ɗinkin. Da zarar zafi ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, tsarin ƙwayoyin ƙarfen yakan fara juyewa zuwa wani yanayi mai suna ostenait, wanda ke haɗiye sinadarin kabon a cikinsa. Idan aka rage wuta aka yi sauri, wurin yakan huce nan take, kabon ya rasa hanyar fita, sai a sami matensait, tsari mai tsananin tauri da gautsi wanda aka raɗa wa sunan masanin ƙarafa Bajamushe Adolf Martens. Idan kuwa zafi ya yi yawa aka daɗe, ƙwayoyin sukan kumbura, taurin ya ragu, juriyar duka ta raunana. Don gudun samuwar matensait ne ake ɗumama ƙarfe mai kauri kafin walda, domin hucewarsa ta zo a hankali.

Sinadaran ƙarfen ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, duk da haka ƙarfe ɗaya ya fito da halaye mabambanta gwargwadon yadda aka bi da shi, wanda hakan ke ƙarfafa ra'ayin Al-Ghazali, musamman da yake shi ma tsaka-tsaki ya ɗauka a matsayin ma'aunin kyakkyawar ɗabi'a. Sai dai karin maganar ba ta faɗi gaba ɗaya ba, domin ƙarfen da kabon ɗinsa ya yi ƙaranci ba ya yin tauri sosai komai saurin hucewarsa. Asali ne ke shata iyakar abin da zai yiwu, amma inda za a tsaya a cikin iyakar yana hannun mai riƙe da sanda, kuma a kan wannan rabon ne hisabin mai tarbiyya yake.