Abin da mashayi ke zaton giya za ta ba shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

 Maganarmu ta wannan Juma'a a kan giya ce. Hukuncinta dai ko ɗan Islamiyya ya san haramun ce. Abin da ke damun kwamitin masallaci shi ne dalilan da ake kawowa. Ka tsare mai dako ko mai turin baro a Mile 12 ka tambaye shi, ba zai ce maka maye yake nema ba. Cewa zai yi maganin gajiya ne, ko na sanyin damina, ko na basir. Magidanci kuma ya ce na maza ne. Kowa da abin da ya sa rai kwalbar za ta yi masa.

Alƙur'ani ya riga mu sanin wannan. A Suratul Baƙara, aya ta 219, Allah Ya ambaci cewa mutane na ganin wani amfani a cikinta, sannan Ya bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfanin. Aka hana kusantar salla cikin maye a Nisa'i 43, kafin haramci na gaba ɗaya ya sauka a Ma'ida 90 da 91, inda aka faɗi abin da Shaiɗan ke nema da ita: gaba, ƙiyayya, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla.

Abin mamaki, Turawan da ba su haramta ta ba sun zauna sun auna wannan zato. A 1973 wani masani a Amurka, Alan Marlatt, da abokan aikinsa suka gwada mashaya. Wasu aka ba su lemon da ba giya a ciki aka ce akwai, wasu aka ba su mai giya aka ce babu. Waɗanda suka yi zaton giya ce su suka fi ɗirkawa, ko akwai ta ko babu. Wani gwajin da ya biyo baya ya nuna wanda ya ɗauka ya sha yakan ƙara zafin kai, alhali ko ɗigo bai shiga cikinsa ba. To ka ga jarumtar da ake faɗa, mutum ne ya zo da abinsa, ya ɗora wa kwalba.

Ita kuwa ɓarnar ba ruwanta da zato. Ɗumin da ake ji, jijiyoyin jini ne na fata suka buɗe, zafin jiki kuma fita yake yi. Barcin da take kawowa mai yankewa ne, gari ya waye gajiya na nan. Mai neman ƙarfin maza, rauni yake saya da kuɗinsa. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga Arewa ya kurɓa don ya wartsake, ƙafarsa ta yi jinkirin taka birki, shi kuma yana jin ba wanda ya kai shi iya tuƙi.

Iyaye, a nan ne ya kamata mu tsaya. Masu binciken sun gano yara na ƙulla wannan zato tun kafin su ɗanɗana, kuma wanda ya fi sa ran alheri a cikinta shi ya fi saurin farawa. 'Ya'yanmu a Legas kullum suna wuce allon talla da teburin paraga a tasha kafin su kai makaranta. Ka tambayi ɗanka cikin raha me abokansa ke cewa giya na yi. Amsarsa ta fi binciken aljihunsa amfani.

Sai batun magani. Ɗariƙu bin Suwaid ya gaya wa Annabi (SAW) cewa don magani yake haɗa ta, aka amsa masa cewa ita kanta cuta ce. Imam Muslim ya ruwaito. Saboda haka kafin ka karɓi agbo, tambayi mai sayarwa: da ruwa aka jiƙa ko da ogogoro? Masu shago da tebur kuma, 'yar ledar nan da NAFDAC ta sanar da haramta ta a 2024, ƙanƙantarta ba ta halatta ta ba. Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne, kuma mai sayarwa na cikin waɗanda hadisi ya la'anta. "Kwastoma ne ke tambaya" ba uzuri ba ne.

Wanda ya riga ya faɗa, kada a kore shi daga sahu. Buhari ya ruwaito labarin mutumin da aka sha kawowa saboda sha, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa. Wanda jikinsa ke karkarwa in bai sha ba, ya je asibiti a taimaka masa ya daina, don yankewa farat ɗaya kan iya jawo jijjiga mai haɗari. Malam Liman yana ofis bayan Isha'i ranar Litinin da Alhamis, kuma abin da aka faɗa masa ba ya fita waje.

Wassalamu alaikum.
Sakataren masallaci