Waya Ba Ta Awon Fitsari

Wata sana'a ta kunno kai a wayoyinmu, tana cin lafiyar mata a ɓoye, kuma kullum sai ƙara yaɗuwa take yi. Leƙa TikTok ko Facebook, ko rukunin WhatsApp na matan unguwa da na 'yan biki, ba za a daɗe ba sai an ci karo da mai farar riga, an maƙala "Dakta" a gaban suna, ana kiran duk mai fama da zafin fitsari ta turo saƙo a keɓe. Mace ta ɗauki waya ta yi saƙon murya ƙasa-ƙasa don kada yara su ji: fitsari na yi mata zafi, mara na ciwo, ba ta rufa awa guda ba ta zagaya ba. Kafin ta ajiye wayar amsa ta iso: "Hajiya, sanyi ne ya yi miki yawa. Ga lambar asusu." Ba a tambaye ta ko tana da juna biyu ba, ba a tambayi zazzaɓi ba, ba a tambayi maganin da ta sha a watan jiya ba. Washegari direba ya kira daga tasha, a aiki yaro ya karɓo ƙullin baƙar leda. A ciki akwai kafso da aka ɓare daga kwalinsa, ba suna ba ranar lalacewa, da gorar jiƙo, da garin matsi.

Ban ga laifin matar ba. Kunya ce ta kai ta, da dogon layin asibiti, da kuɗin kati, da tsoron zama gaban likita namiji ta faɗi abin da ko ga mahaifiyarta ba ta iya faɗa. Masu wannan kasuwa sun san haka sarai, kunyar ce jarinsu. Da su nake, da kuma duk wanda ke taya su talla.

Ganin likita ta waya ba aibu ba ne a karan kansa. A Amurka da Ingila ana yi, kuma yana sauƙaƙa wa mata da yawa. Amma ƙofar da suka buɗe ƙarama ce ƙwarai. A Ingila, tun farkon shekarar 2024 aka yarje wa masana haɗa magunguna su ba da maganin cutar mafitsara ba tare da an ga likita ba, sai dai ga mata 'yan shekara 16 zuwa 64 kawai, kuma sai cutar ba ta zo da wata matsala ba. Likitan gaskiya da ke aiki ta intanet yakan jero tambayoyi kafin ya rubuta komai: akwai ciki? Akwai zazzaɓi ko amai? Bayanki na ciwo ta wajen kwiɓi? Kina da ciwon suga? Karo na nawa ke nan a bana? Amsa ɗaya ta karkace, zai ce miki wannan ya fi ƙarfin waya, ki tafi asibiti yau. Wanda bai taɓa mayar da kowa ba, duk wadda ta zo yana da ƙullinta, ɗan kasuwa ne.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yadda cutar take. Mafi yawanta wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, mai suna E. coli, wadda mazauninta hanjin mutum ne. Daga bayan gida take samun hanya ta shiga mafitsara, kuma ta fi kama mata saboda hanyar fitsarinsu gajera ce. Shi ya sa ake cewa a yi tsarki daga gaba zuwa baya, a sha ruwa sosai, a daina riƙe fitsari. Muddin tana mafitsara, maganin kwanaki kaɗan ya isa. Idan aka yi mata maganin da bai dace ba, zafin ya ɗan lafa ƙwayar kuwa tana nan, sai ta haura zuwa ƙoda. Nan ne zazzaɓi mai rawar ɗari ke zuwa, da amai, da ciwon kwiɓi, daga nan kuma tana iya shiga jini ta yi kisa. Ko cikin magungunan asibiti na gaske akwai bambanci: nitrofurantoin yana aiki sosai a mafitsara, amma ba ya ratsa naman ƙoda yadda zai kashe cutar da ta kai can. Mai ƙullin leda bai san wannan ba, in ma ya sani bai tambaya ba.

Mai juna biyu ce ta fi ba ni tsoro. Cutar fitsari ga mai ciki tana iya tayar da naƙuda kafin lokaci a haifi bakwaini, ko jariri marar nauyi. Wani lokaci ƙwayar na nan ba tare da wata alama ba, shi ya sa ake karɓar fitsari a wurin awo. Sannan magungunan da aka fi watsawa a irin waɗannan ƙulle-ƙulle su ne waɗanda likita ke kauce wa ba mai ciki. Ciprofloxacin na cikinsu, doxycycline ma haka. Cipro ɗin nan da ake sha kamar gyaɗa, tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunne cewa kada a ba da shi da danginsa don ƙaramar cutar mafitsara matuƙar akwai wani zaɓi, saboda yana iya tsinka agara ya kuma lalata jijiyoyi. Wasu kuma har allurar gentamicin suke turowa a kai wa mai kemis ya yi, alhali maganin yana iya taɓa ƙoda ya kuma kashe ji idan ba a auna shi daidai ba.

Kuma ba duk zafin fitsari ne cutar mafitsara ba. Yaron da ke wanka a dam ko yake aiki a fadamar noman rani ya fara fitsarin jini, sau da yawa tsargiya ce, maganinta praziquantel, kafso ɗari ba zai taɓa ta ba. Mai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri wataƙila kandida ce, wadda shan antibayotik ke ƙara rura ta, ana maganin ƙaba kai na kumbura. Akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda in ba a yi wa miji da mata da abokan zama magani tare ba, haka za a yi ta zagaye da su a gida har su toshe hanyar haihuwa. Dattijon da ke tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ƙila suga ne, ƙila kumburin furostet. Ta yaya wanda bai ga fuskarki ba zai rarrabe waɗannan daga saƙon murya?

Abin da ke rarrabewa ƙaramar kwalba ce. A ɗakin gwaji za a ba ki ita, a ce ki bar farkon fitsarin ya zuba, ki tari na tsakiya. Ma'aikaci ya shafa ɗigonsa a kan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ya sa a wuri mai ɗumi ya kwana. In ƙwayar ta tsiro, sai ya shimfiɗa ta a wani farantin, ya jera mata ƙananan takardu zagayayyu, kowace da nata magani. Wadda ƙwayar ta kasa kusanta, aka ga fili fes kewaye da ita, ita ce maganinki. Wadda ƙwayar ta mamaye har gindinta, ko kin sha kwali goma asarar kuɗi ce. Kwana 2 zuwa 3 aikin ke ɗauka, kuma sau da yawa kuɗinsa bai kai na ƙullin da aka aiko ta tasha ba.

Ɓarnar ba ta tsaya kan mai sha ba. Duk kafson da aka haɗiya ba bisa ƙa'ida ba, ko aka sha kwana biyu aka watsar, yana koya wa ƙwayar cuta jure magani, kuma ƙwayar da ta jure tana bin hannu da ruwa da abinci ta isa ga jariri da tsohuwa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani. Yankin da mace-macen suka fi muni gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, wato mu, kuma ƙwayar da ke kan gaba a duniya ita ce E. coli ɗin nan ta fitsari.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki tura ko sisi, nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa ta hukumar likitoci, wato MDCN, da asibitin da yake aiki. Wanda ya fusata da tambayar ya ba ki amsa. Kada ki sha ƙwayar da ba ta cikin kwalinta. Lambar NAFDAC a jikin gorar gargajiya ba shaida ba ce cewa tana kashe bakteriya. Masu kula da rukunonin WhatsApp, ku ji tsoron Allah ku daina barin wannan talla tana wucewa ta hannunku don 'yar lada. Kai kuma maigida, da ka ji uwargida na yawan zagayawa tana cije baki, kada ka tura mata kuɗi ta waya ka ce ta nemi magani. Ka ɗauke ta ka kai ta, in tana son likita mace ka nema mata, kai ma ka ba da naka fitsarin. In kuwa tana da ciki, ko zazzaɓi ya shigo, ko ta fara amai, ko ta dafe kwiɓi, kada a jira gari ya waye.