Waƙar da Ta Buɗe Ƙofar Kurkuku

'Yan'uwa cikin Almasihu, ga Kirsimati ta yi kusa. Mu da mu ke wajen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi mun soma taruwa da maraice muna koyon waƙoƙin idi. Kafin ranar ta zo, bari mu ji labarin wata waƙa, gama akwai koyarwa a cikinta dominmu.

Sunanta Almasihu. Wani Bajamushe mai suna Handel, mazaunin Landan, shi ya tsara muryoyinta a shekara ta 1741, cikin kwana 24 kaɗai. Kalmomin kuwa ba nasa ba ne. Abokinsa Charles Jennens ya tattaro su daga cikin Littafi Mai Tsarki, daga Ishaya da Zabura da Luka har Ru'ya ta Yohanna. Kashi uku ce: haihuwar Ubangiji, da shan wuyarsa da nasararsa, sa'an nan tashin matattu. Kowace shekara a lokacin Kirsimati akan rera ta a biranen Ingila da Amurka, mawaƙa da yawa tare da masu goge da masu kakaki.

Amma ga abin da mutane su kan manta. An fara rera ta a birnin Dablin na ƙasar Ailan, ran 13 ga Afrilu, 1742, domin taimakon matalauta. Mutum wajen 700 suka taru, aka sami kamar fam 400. Aka raba kuɗin uku: kashi biyu ga gidajen jiyya biyu, kashi ɗaya ga waɗanda ke kurkuku saboda bashi. A zamanin nan wanda ya kāsa biyan bashi akan kulle shi. Da kuɗin nan aka saki mutum 142, suka koma wurin iyalinsu. Daga 1750 kuma Handel ya riƙa sa a rera ta kowace shekara domin wani gidan renon yara marasa galihu a Landan.

To, mu fa? Ba mu da manyan kayan kiɗa, sai ganga da tulu da muryoyin zumuntar mata. Wannan ba kome. Amma ɗaurarru muna da su. Mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Zamfara cikin shekarun nan. Akwai wanda ya sayar da gona da shanu domin ya fanshi ɗansa daga daji, bashi yana wuyansa har yau. Akwai gwauruwar da ta gudo daga ƙauye, ba ta da ko mudun gero. Waɗansu 'yan ekklesiya ne, mafi yawa maƙwabtanmu ne Musulmi. Yunwa ba ta tambayar addini.

In mun rera waƙar Mai Fansa, sa'an nan muka wuce mai bashi a bakin ƙofa, ina amfanin waƙarmu? Sai kowace ekklesiya ta keɓe baikon ranar Kirsimati. Dattawa su zauna su nemi gida ɗaya da ke cikin ƙunci, su kai a ɓoye, kada a kunyata kowa. Wanda kuma ya ke bin ɗan'uwansa bashin da ya san ba shi da halin biya, bari ya yafe kafin ya buɗe baki ya yi waƙa. Gama mu ma masu bashi ne, Yesu ya biya dominmu.

Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.