Wanda Ya Yi Aiki Ba Lada, Wawa Ne?

Wannan tambaya ba ni na ƙago ta ba. Wana ne ya jefo mini ita wata ranar Asabar da damina, muna zaune a zaurensa a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Yana da ɗa wanda ya koyi aikin rubuta manhajar kwamfuta, watau umurnin da a ke tsara wa na'ura ta bi. To, ran nan yaron ya bar maiman masara, ya hau mota da kuɗinsa, ya tafi Funtuwa ya share aji, ya jera kujeru, ya sayi man janareta, wai don shi da 'yan'uwansa masu wannan sana'a su koya wa na baya. Da ya komo uban ya ce, "Nawa aka ba ka?" Ya ce, "Baba, ai ba a biya." Sai wana ya juyo gare ni ya ce, "Kai da ka ke aikin lissafi a ofis, gaya mini, wannan ba wauta ba ce?"

Ban amsa nan da nan ba, sai da na sa yaron ya bayyana mini abin da su ke yi. Ga abin da na fahimta. A watan Fabrairu na 2001 waɗansu gwanayen wannan aiki su 17 suka taru a wani wuri da a ke kira Snowbird, a jihar Yuta ta Amurka, suka daidaita a kan wata hanyar aiki wadda su ke kira ajayil, watau mai zafin nama. Da can sai a shekara ana rubuta tsari, a shekara ana gini, sa'an nan a kai wa mai aiki, ya ce ba haka ya ke so ba. Su kuwa suka ce a yanka aikin gunduwa-gunduwa, mako biyu ko huɗu, a nuna wa mai shi, a gyara, a ci gaba. Da yawa cikin masu bin wannan hanya su kan tsaya kowace safiya minti 15, a tsaye ba zama, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Irin wannan ba a koyonsa daga littafi kaɗai, sai da cuɗanya. Don haka su ke kiran taro a garuruwa, har da su Kano da Kaduna, masu shiryawa kuwa galibi don kansu su ke yi.

Da na ji haka sai na ce wa wana, "Yaya, ai gayya ce." Shi da kansa ya san ta fiye da ni. Mai gona ya raba goro, a dama fura, a tuƙa tuwo, samari su fito da garemani, makaɗi na binsu da gangar noma yana yi wa kowa kirari. Kowa ya kama kunyarsa, wanda ya riga fita ya juyo ya tarbi wanda aka bari a baya. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako bai gama ba, sai ka ga an tashi kafin azahar. Wa ya taɓa ce da ɗan gayya wawa? Shi kansa wana, matar da ke cikin gidansa sai da ya kai wa surukinsa gayya kafin a ɗaura aure, na kuwa tuna masa.

Amma fa dattijon ba a kayar da shi da sauƙi, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Ya ce gayya bashi ce. Yau a gonarka, gobe a tawa, kowa ya san ranarsa za ta zo. Wanda ya ci tuwon gayya bai kama fartanya ba, kowa ya gan shi, ranar tasa kuma zai ga gona wayam. A gari babba wa zai riƙe wannan lissafi? Yaro zai koya wa mutum 30, su watse, wani ya sami aiki a Legas ko Abuja, ko sallama ba zai aiko ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ba kowane aiki da aka kira gayya ne gayya ba. Kakanninmu sun yi noman gandun masu sarauta, sun share hanyoyi, ana cewa taimako ne, alhali wanda ya ƙi ya san abin da zai gamu da shi. Daga 1942 zuwa 1944 Gwamnatin Ingila ta kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos bisa tilas, saboda yaƙi, da yawa kuwa sanyi da cuta suka kashe su. Wanda aka ba shi wannan labari tun yana yaro, in ya ji an ce a zo a yi aiki don jama'a, dole ya tambaya, wa zai ci amfanin gonar? Ni ban ga laifinsa ba. Har yau ana samun mai dukiya ya tara samari da daɗin baki, su yi masa aikin da ya kamata ya biya, ya sallame su da riga mai tambari.

A ganina a nan ne maganar ta ke. Kalmar lada a bakinmu tana da fuska biyu, akwai na ɗan ƙodago wanda a ke ƙirga masa da yamma, akwai kuma wanda mutum ke fata wurin Ubangiji. Wana ya dubi na farko bai gani ba, sai ya ce babu. Na biyu kuwa ba ni da ikon auna shi, niyya ce, tana cikin zuciya. Abin da akawu zai iya dubawa shi ne ko mutum da ƙafarsa ya je, yana kuma da ikon ya ce yau ba ni zuwa ba tare da tsoro ba, da kuma ko amfanin yana komawa ga waɗanda suka yi gumi da irinsu. Na bincika na yaron nan, na tarar ba wanda ya aike shi, waɗanda ya koya wa kuwa 'ya'yan manoma ne kamarsa. Shi ma ashe a irin wannan aji wani ya fara nuna masa, kyauta. Ke nan bashin da wana ke nema ana biyansa, sai dai ba ga wanda ya ba da shi ba, ga na baya a ke miƙawa.

Saura maganar masara, wadda ciyawa ba ta jiran kowa. Nan kam na goyi bayan uban, gama hakkin gida yana gaba da na waje, mai barin gonar ubansa ta ɓaci don ya gyara ta wani bai yi daidai ba. Muka daidaita a kan cewa da damina zai tafi Asabar ɗaya a wata, in an kai amfani gida kuwa ya tafi yadda ya ke so. Wana ya yarda, amma ya ce kuɗin man janareta ba daga aljihunsa ba.